Dosiyen da Ya Ƙaura

A shekarun da na yi ina aiki a wani ofishin fitar da kaya a Treichville, sau ɗaya aka taɓa zargina da cin amana, kuma ba wanda ya buɗe baki ya faɗa mini. Makonni na yi a cikin zargin kamar mai zama a kan jiƙaƙƙiyar tabarma: ina jin sanyin yana ratsa ni, ban san ta inda ruwan ya zo ba. Abin da ake tuhumata da shi, wai ina kwashe takardun masu kayanmu daga cikin kwamfuta ina kai wa yayana, sannan in goge don kada a gane. Da abin ya zauna a kaina, ba aikin kaɗai zan rasa ba. Mu Hausawan Abidjan ba mu da yawan da magana za ta ɓace a cikinmu. In aka ce 'yar wane ba ta da amana a Treichville da hantsi, kafin la'asar an ji a Adjamé.

Ofishin ɗaki biyu ne a saman wani shagon taya, ba nisa da ƙofar tashar jiragen ruwa. Wuni ake yi manyan motoci suna wucewa, tagoginmu suna rawa. Aikinmu tsayawa tsakanin 'yan kasuwa da duwan, wato kwastan: mutum ya yi odar shinkafa ko tumatirin gwangwani, kwantena ta sauka, mu za mu haɗa takardu mu bi su har kayan su fito. Mai ofishin wani Alhaji ne Bakano, aminin mahaifina. Mahaifina mutumin Maraɗi ne, amma a nan ya tsufa, a nan ya rasu. Bayan rasuwarsa Alhaji ya zo gidanmu a unguwar 220 Logements da ke Adjamé ya ce wa Inna in zo in riƙa buga masa takardu, tunda na yi makaranta ina jin Faransanci. Baba nake ce masa, shi kuma bai taɓa kama sunana ba, sai dai "'yata". Yayana kuwa tun kafin nan yana aiki a wani ofishin irin namu a layin baya, kuma ba wanda ya taɓa ganin aibun haka.

Akwai ƙanen Alhaji da ya zo daga Kano, siriri mai tabarau, wanda nake kira Baba Ƙarami duk da bai ba ni shekaru masu yawa ba. Faransancinsa bai wuce gaisuwa ba, amma kwamfuta ko da wane yare take magana sai ya gane ta. Ba mu taɓa shiri ba. Shi yana ganin bakina ya yi yawa, ni kuma ina ganin ya cika shan ƙamshi a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ko sunan abu ba mu haɗa ba: wurin da ake tara takardu a cikin kwamfuta shi folda yake ce masa, mu kuma dosiye.

Kafin rigimar, kwamfutata ta kamu da cuta daga kile ɗin wani mai kaya, ɗan ƙaramin abin nan da ake soka wa kwamfuta a ɗauki takardu. Da yake a Adjamé nake, kuma nan ne matattarar masu gyara, Alhaji ya ce in tafi da ita. Na ɗora ta a tasi ranar Juma'a, ta kwana a gidanmu, ranar Asabar na kai wa wani mai gyara a cikin kasuwa. Da na koma ɗauka, yana ta fama da wata injin, bai ko ɗago ba ya ce, "Tantie, j'ai coupé ça en deux, la prochaine fois y a pas drap." Wai ya raba ta biyu, gaba ba matsala. Na kunna na ga takarduna suna nan lafiya, ban tsaya tambayar me aka raba ba. Masu gyaran nan kowannensu da irin surutunsa.

Wannan cutar ce ta tsorata Baba Ƙarami. Ya zauna ya rubuta wasu 'yan layukan umarni, yana ce musu sikirif, ya haɗa kwamfutocinmu da tasa da waya. Ya sa mana wata 'yar alama a kan allo ya ce kowa ya danna ta kafin ya tashi daga aiki. In ka danna, sai sikirif ɗin ya je dosiyen takardunka ya kwafe komai ya aika tasa kwamfutar, don in cuta ta sake shiga kada aikin ofis ya salwanta. Gaskiya dabara ce mai kyau, amma a lokacin ban faɗa masa ba.

Abokin aikina, wani Bajule, wato ɗan ƙabilar Jula, da ke zirga-zirgar duwan, in ya danna tasa sai wani baƙin allo ya fito, rubutu ya yi ta gudu, ya tsaya jira yana tsaki da jaka a kafaɗa. Ni kuwa ina dannawa, ƙiftawar ido allon ya zo ya wuce. Har gori nake masa.

"Ka ga aikin Adjamé? Taka kwamfutar sai ka ce kunkuru."

Ashe nawa bai kwafi komai ba ne. Dosiyen da yake zuwa nema fanko ne, kuma kullum fanko yake kai wa Baba Ƙarami da sunana a kai.

A daidai wannan lokacin wasu manyan masu kayanmu biyu suka bar mu suka koma ofishin da yayana yake. Mutane suna canza ofishi kullum, wani don an yi masa jinkiri, wani don an yi masa magana marar daɗi. Amma ka haɗa wannan da dosiyen da ba komai, da kwamfutar da ta kwana a gidanmu, ka ga an gama shari'a ba a kira ni ba.

Abin ya fara da gaisuwa. Da safe in na durƙusa na ce, "Baba, ina kwana," da can sai ya tambayi Inna da ƙafarta, ya yi mini tsiyar ƙin cin goro. Yanzu sai "Lafiya lau" kawai, idonsa a kan carbi. In na shiga ɗakinsa suna magana da ƙanensa sai a yi tsit, ko a koma zancen ruwan sama. Takardun manyan masu kaya suka daina zuwa teburina, aka bar ni da buga wasiƙun neman izini da gyara tsofaffin adireshi. Wata rana Alhaji ya ce in ba shi makullin ofis za a yanka wani. Na bayar, kuma ba a sake maganarsa ba.

Baba Ƙarami kuma ya tsiro da wata sabuwar ƙauna ga yayana.

"Ya wajen yayanki? Aiki na tafiya dai ko?"

"Yana tafiya."

"Ai na ji kasuwa ta buɗe musu."

"Allah ya buɗa mana mu ma," na ce, ina yi masa kallon da ya san ba na addu'a ba ne.

In na ɗauki jakata zan sauka sayen aceke, dambun rogon nan, da kifi, sai in ga idonsa yana bin jakar har ƙofa. Ni kuma ba ni da halin haƙuri da irin wannan. Na fara nawa zargin. Na ji cewa ƙanwar matarsa ta gama koyon buga takardu tana zaune ba aiki, sai na ce shi ke nan, kujerata ake nema mata. Na zargi Bajulen nan da kai gulma, bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba. Har matar da ke sayar da aceke a ƙasa na fara yi wa wani kallo, don na ga tana dariya da direban Alhaji. A cikin gbaka, motar hayarmu, daga Adjamé har gadar shiga Treichville, ba abin da nake yi sai tisa maganganun jiya ina neman abin da aka ɓoye a cikinsu. Wata rana ma na bi ta tashar kwalekwalen haya na zauna a bakin ruwa na daɗe, don kawai ba na son isa ofis da wuri.

Sai wata Litinin na zo na tarar da linzamin kwamfutata, ɗan abin nan da ake ja da hannu a danna, a hagu. Ni da dama nake aiki. A ofishin nan kaf mutum ɗaya ne bahago. Wato ranar Asabar, da ba na nan, Baba Ƙarami ya zauna a kujerata ya shiga injina da nasa lambobin sirri. Na mayar da linzamin dama. Na tabbata wani abin yake dasa mini a ciki wanda za a zo a ce an kama ni da shi. Na bi takarduna ɗaya bayan ɗaya ban ga baƙon abu ba, kuma hakan bai kwantar mini da hankali ba, sai ma na ce ya iya ɓoyo.

A gida ban ce komai ba. Inna tana fama da hawan jini, kuma me zan ce mata? An karɓi makulli, an daina yi mini wasa? Yayana kuwa da na gaya masa da ya zo ya tayar da ofishin, abin ya ƙara lalacewa.

Ranar da abin ya fashe, wani tsohon mai kayanmu ne ya zo, Bazabarme mai shigo da tayal. Yana neman kwafin wata takardar bara saboda duwan sun tsare shi a kanta. Alhaji ya fito da shi ɗakinmu da kansa. Kafin in yi magana Baba Ƙarami ya riga ni.

"Yaya, sai dai a tona a cikin kwalaye. Ta kwamfuta babu."

"Kamar yaya babu?" na ce. "Ni na buga ta."

"Na san ke kika buga ta," ya ce a hankali, bai kalle ni ba.

Na danna alamar da nake dannawa kullum, wadda aka rubuta Mes documents a ƙarƙashinta, na nemo sunan mutumin, na tura wa injin bugawa. Takarda ta fito da ɗuminta na miƙa masa. Ya yi godiya ya tafi. Alhaji ya dubi ƙanensa, ƙanensa ya dubi allona, fuskarsa ta canza. Alhaji ya koma ɗakinsa ya turo ƙofa.

"Daga ina kika ɗauko ta?" in ji Baba Ƙarami.

"Daga inda take."

"Yau kika dawo da su ke nan."

"Na dawo da me?"

"Ke dai kin sani."

Nan na tashi tsaye. Na manta da baba, na manta da ƙarami. Na ce masa in yana da magana ya faɗe ta kamar namiji, ya daina bin jakata da ido kamar ɗan sandan kasuwa. Na ce na san ya shiga injina ranar Asabar, na san ƙanwar matarsa yake yi wa shara. Ya yi sororo, don wannan bai taɓa zuwa masa a rai ba, daga baya na gane. Sannan shi ma ya harzuƙa ya faɗi nasa: tun ranar da ya sa sikirif, ko takarda ɗaya ba ta taɓa zuwa daga wurina ba. Ya shiga da kansa ya duba, foldata wayam. Ina aikin yake tafiya kullum da yamma, in ba layin baya ba?

Sai lokacin na ji abin da ake zargina da shi. Na koma na zauna. Ba fushi na fara ji ba, kunya na ji, kamar an tuɓe ni a tsakiyar kasuwa.

"Nuna mini fankon," na ce.

Ya ja kujera ya mayar da linzamin hagu. Bai bi ta alamar da nake bi ba. Ya shiga ta cikin injin, wurin da ake kira C, ya buɗe wannan ya buɗe wancan har ya iso sunana, ya buɗe dosiyen takardu. Fari fat, ba komai.

"Kin gani?"

Na fizge linzamin na danna tawa alamar. Takardu suka cika allo har ƙasa.

"Kai ka gani?"

Muka tsaya muna kallon juna, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya faɗi sihirin da ya yi. Ni ina ganin wani dosiyen bogi ya ƙirƙira don ya nuna wa Alhaji. Shi yana ganin wata maɓoya na gina. Bajulen nan ya shigo, ya ga yanayinmu, ya ce mini "Yako" irin na jajen mutanen nan, ya juya ya sauka.

Zan faɗi gaskiya a kan Baba Ƙarami: mutum ne mai zargi, amma in abu ya ɗaure masa kai ba ya iya barinsa. Ya gyara tabarau ya danna alamar tawa ta ɗaya gefen linzamin, wani ɗan allo ya fito mai nuna inda dosiyen yake zaune a zahiri. Ya kai fuskarsa kusa. Ba C aka rubuta ba, D ne.

"Wa ya kai shi D?"

"Mene ne D?"

Ya kalle ni da kyau, yana neman ƙarya a fuskata. Ina jin bai samu ba, don muryarsa ta sauka. Ya ce injin an raba cikinta gida biyu, ɗaya C ɗaya D, kuma an ɗauke dosiyena daga mazauninsa na asali an kai na biyun, an gaya wa kwamfutar sabon wurin. Ita kwamfutar ta sani, shi ya sa in na danna take kai ni daidai. Sikirif ɗinsa ne bai sani ba, domin da hannu ya rubuta masa adireshin, irin wanda ya saba gani a kowace injin, ya ce je ka nan. Shi kuma kullum yana zuwa tsohon gida yana tarar da an tashi.

Sai maganar mai gyaran ta faɗo mini. Na maimaita masa ita na fassara. Daga baya na ji ashe haka masu gyaran Adjamé da yawa suke yi. Cuta ta yi yawa a gari, maganinta a wurinsu wanke C gaba ɗaya, don haka sai su kai takardun mutum D tun da wuri don kada a zo ana yi musu kuka a shago. Ba sa ganin abin ya kai a tsaya bayani.

Baba Ƙarami bai ce mini yi haƙuri ba. Ya ce, "Sai na gwada." Washegari ya zo da wata 'yar takarda da ya kwafo a gidan intanet. Ya goge layin adireshin nan, ya sa wani a madadinsa. Ya ce wannan ba ya zato, tambayar kwamfutar yake yi: wanda ke zaune a gabanki yanzu, ina kike ajiye masa takardunsa? Duk inda ta ce, can zai je.

"Danna," ya ce.

Na danna. Baƙin allon ya fito, wannan karon bai gudu ba. Sunayen takardu suka yi ta zuba, na bana da na bara, har da na mutanen nan biyu da suka bar mu, komai yana nan ba a taɓa ba. Mun daɗe muna kallo. Ya cire tabaransa ya goge da bakin riga, ya tashi ya shiga wurin yayansa. Da ya fito ya ce mini, "Na gaya masa laifin layina ne." A wurin mutum irinsa wannan ba ƙaramar magana ba ce, kuma na karɓe ta a haka.

Alhaji ya kira ni. Na durƙusa a bakin ƙofa. Ya yi ta jan carbi, sannan ya ce, "'Yata, ga takardun shinkafar nan, a gama su yau." Ya tambayi ƙafar Inna. Shi ke nan. Na san manya ba sa ba yaro haƙuri da baki, na kuma san dalilin da ya sa tun farko bai tambaye ni ba: nauyin mahaifina yake ji, ba zai iya kallon idona ya ce kin ci amanata ba. Amma wannan kawaicin nasa ya fi mini zagi ciwo.

Duk da haka da murna na koma gida. Na sauka daga gbaka na sayi soyayyiyar ayaba, na hau bene ina sauri. Inna tana zaune a kan dardumarta bayan la'asar. Na zauna a gabanta na kwashe labarin tun daga makulli har D, ina yi ina kwaikwayon muryar Baba Ƙarami, ina jiran ta yi salati ta ce ashe haka aka yi miki ba ki faɗa ba.

Ba ta yi salati ba. Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta.

"Alhamdu lillahi," ta ce. "Ashe ba ki yi ba."

"Inna, kin san da maganar?"

"Hajiyar Alhaji ta zo nan. Tun kwanakin baya."

"Me kika ce mata?"

"Ita ban ce mata komai ba. Shi na je na samu a gida. Na durƙusa masa. Na ce ya dubi darajar mahaifinki ya rufa mana asiri, ƙuruciya ce, ba za ki ƙara ba."

Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Uwata, da ƙafarta mai ciwo, ta hau mota har gidan mutum ta durƙusa ta amsa laifin da ban yi ba. Duk kwanakin nan da nake ɓoye mata damuwata don kada jininta ya hau, ita tana zuba mini abinci tana kallona a matsayin ɓarauniya.

"Inna, ɗaki ɗaya muke kwana. Me ya hana ki tambaye ni?"

Ta ɗago, idonta ya cika da hawaye.

"Tsoro na ji, ɗiyata. Na ji tsoron ki ce mini e."

Na yafe wa Baba Ƙarami tun a ranar, Alhaji ma ban daɗe ba na sake da shi. Ta Inna ce ta zauna mini a ƙirji shekara da shekaru, kuma ban taɓa iya yi mata fushin a fili ba. A ranar dai na tashi na ɗauko faranti na juye ayabar na ajiye a gabanta, muka zauna ba mai ci har aka kira magariba.